Tattalin Kuɗi a Gida: Daga Awon Kullum Zuwa Tanadin Kaka

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka ɗaga, kuma ko da farashin wasu kaya ya sauko daga baya, aljihun mai ƙaramin ƙarfi bai koma yadda yake ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma kowane magidanci a Birnin Kebbi ko Argungu ko Zuru ya san kwana nawa wannan kuɗin yake yi a hannu. Duk da haka za ka ga gida biyu masu samu ɗaya da yawan iyali kusan ɗaya, wannan ya kai ƙarshen wata babu bashi, wancan kuwa tun ranar 15 sunansa ya shiga littafin mai shago. Idan ka bi diddigi, bambancin yana wuri uku: lokacin da ake saye, yawan abin da ake saye a tashi ɗaya, da inda kuɗi yake kwana kafin a kashe shi.

Mataki na farko: rubuta komai tsawon wata guda

Ka samu littafi mai fallaye 20 ko 40 irin na 'yan makaranta. Kowace rana da shafinta, ko rabin shafi. Duk abin da ya fita daga aljihu ka rubuta shi a ranar, kafin ka kwanta: kuɗin cefane, niƙa, kabu-kabu, kati, shayi, ruwan leda, abin da ka miƙa wa yaro, abin da ka tura wa ɗan'uwa. Uwargida ma ta riƙe nata, domin akwai abin da yake fita ta hannunta wanda maigida bai sani ba, galibi ma daga kuɗin sana'arta take cikawa ba tare da ta faɗa ba.

A wannan watan kada ka canza komai. Ka ci gaba da kashewa yadda ka saba, don hoton da zai fito ya zama na gaskiya. Mutane suna lalata wannan aiki ta hanya biyu. Wasu su bar rubutu sai bayan kwana uku, a lokacin ƙananan kuɗin sun riga sun fita daga kai, alhali su ake nema. Wasu kuma su ƙi rubuta abin da suke jin nauyinsa, kamar caca ta waya ko sigari. Littafin naka ne, ba wanda zai duba.

Ƙarshen wata ka haɗa jimla gida-gida: abinci, makamashi, sufuri, waya, makaranta, magani, zumunci da biki, sai na ƙwalama. Naira 500 a kullum a teburin mai shayi ko wurin mai tsire 15,000 ce a wata, sama da 180,000 a shekara. Ba wanda ya ce ka daina shan shayi. Abin da ake so shi ne ka san farashinsa na shekara, sannan ka yanke hukunci da kanka.

Mataki na biyu: a raba kuɗi ranar da ya shigo

Wanda yake jira ya ga abin da zai ragu a ƙarshen wata ba zai taɓa ajiye komai ba. Ranar da albashi ya shigo, ko ranar da aka sayar da amfanin gona, a ranar ake cire na ajiya, kafin a saya ko gishiri. Kashi 10 cikin 100 ma'auni ne mai kyau. Wanda bai iya ba ya fara da kashi 5, muddin zai riƙa yi kowane wata. Mai samun kullum, irin ɗan kabu-kabu ko mai sayar da abinci, ya tsayar da adadi ɗaya da zai iya cirewa har a ranar da kasuwa ba ta yi ba, ya cire shi da yamma kafin ya shiga gida.

Abin da ya rage a kasa shi, kowane kaso da mazauninsa: ambulan, gwangwani, ko asusu daban. Kuɗin cefanen wata a raba shi huɗu, a riƙa fito da na mako-mako. Idan aka bar shi dunƙule, makon farko ake cin nama, makon ƙarshe a ci bashi.

A ware wa zumunci kasonsa shi ma. A ƙasarmu ba a rufe ƙofa ga ɗan'uwa, kuma bai kamata a rufe ba. Amma idan ba ka tsayar da adadin da za ka iya bayarwa a wata ba, daga kuɗin abincin 'ya'yanka za ka riƙa bayarwa. In kason ya ƙare, ka ba da haƙuri da kyakkyawar magana, ka ambaci watan gobe.

Mataki na uku: sayen hatsi da kaka

A nan ne babban kuɗi yake, don abinci ne yake cin kaso mafi girma a yawancin gidaje. Mai awo kullum yana biyan ribar hannu uku ko huɗu, kuma yana saye har a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya fi tsada. Gero, dawa, masara da wake sun fi araha daga Oktoba zuwa Disamba. Shinkafa a Kebbi kaka biyu take da ita, ta damina da ta rani, saboda haka wanda ya rasa ta ƙarshen shekara yana da wata damar wajen Afrilu da Mayu idan an yanke ta fadama.

Fara da lissafin cin gidanka. Uwargida ta auna tiya nawa ake ci a mako na kowane hatsi. A ce gida yana cin tiya ɗaya a rana: tiya 30 ke nan a wata, 240 a wata takwas. Idan buhun da ake sayarwa a kasuwarku mai tiya 40 ne, buhu 6 kake bukata. Ba dole ba ne ka saye su duka. Ko buhu biyu ka iya, ka ajiye su don Yuni zuwa Satumba, ka ci gaba da awo a watannin araha. Wannan tsarin ya fi a ci tanadin tun a Janairu sannan a koma kasuwa da damina. Ka tuna kuma a Satumba ake komawa makaranta, kuɗin zango da na littafi da inifom suna faɗowa daidai lokacin da hatsi yake kan tsadarsa. Gidan da yake da abinci a ɗaki a watan nan ya rage wa kansa rabin wahala.

Wajen saye kada ka yarda da buhu a ɗinke. A zazzage a auna a gabanka, ko a ɗora a sikeli. Ka sa hannu har ƙasa, don ana zuba mai kyau a sama a bar mai ƙasa da tsakuwa a gindi. Idan za ka je kasuwar da ta fi araha, kamar Jega ko kasuwannin ƙauye na kusa da manoma, ka haɗa kuɗin motarka, na dako, na lodi da na kamasho a kan farashin kafin ka ce ka yi riba. Buhu ɗaya ba ya biyan tafiya. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je, a raba kuɗin mota.

Mai son sayen shinkafa shanshera ya kai a yi masa gumi a casa ya yi lissafi tukuna. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na tsaba. Ka haɗa kuɗin gumi, itace, inji da dako, ka raba da yawan tiyar da ta fito, sannan ka gwada da farashin kasuwa. Wani lokaci ribar tana da yawa, wani lokaci kaɗan ce. Amfanin shanshera shi ne ta fi jure ajiya, sai a riƙa casa buhu ɗaya-ɗaya gwargwadon bukata.

Gargaɗi ɗaya: wannan tanadi na ci ne, ba na kasuwanci ba. Farashi ba kullum yake tashi bayan kaka ba. A 2025 hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara kaya da yawa suna jiran tsada suka yi asara. Wanda ya sayi abin da gidansa zai ci, ko farashi ya sauko, abincinsa yana nan. Wanda ya ci bashi ya cika sito shi ne yake shiga uku.

Yadda ake ajiyar don kada a yi asarar duka

Hatsin da aka saya da araha ƙwari suka cinye rabinsa ya fi na awo tsada. Abu biyu ne suke lalata ajiya, danshi da ƙwari.

Danshi da farko. Ciji ƙwayar masara ko wake: idan ta fashe da ƙara, ta bushe, idan haƙori ya nutse, da saura. Gwajin da ya fi wannan shi ne na gishiri. Samu busasshiyar kwalba, zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, rufe, girgiza sosai, ka bar ta ta ɗan zauna. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin yana da ruwa. A shanya shi kan tamfol ko leda kwana biyu ko uku, ba a ƙasa tsirara ba, kuma a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura. Hatsi mai zafi idan aka rufe shi yana yin gumi, fumfuna ta kama shi. Masara ko gyaɗa mai fumfuna kuwa tana da guba mai cutar da hanta, ba a ci, ba a ba dabba.

Na ƙwari, musamman a wake, hanya mafi aminci ita ce hana iska shiga. Buhun PICS, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan noma, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin amfani ka cika kowace leda da iska, ka matse bakin, ka danna ka ji ko tana fitar da iska. Mai huda ba ta da amfani. Zuba wake kaɗan a leda ta farko don ta zauna, saka ta cikin ta biyu, saka su cikin buhun, sannan ka cika kana girgizawa, ka bar wurin ɗauri. Matse iskar da ta rage, murɗe bakin ledar ciki, lanƙwasa shi, ɗaure da igiya. Haka za ka yi wa ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa bakin ukun a ɗaure lokaci guda. Ƙwarin da suke ciki iska ce take ƙare musu su mutu, shi ya sa buɗewa kowane mako yake ɓata aikin. Na cin yau da gobe a ware shi daban.

Wanda bai samu buhun ba, jarka mai lita 20 ko 25 tana yin aikin. A wanke ta, ta bushe ƙarau, a cika ta da wake har wuya ana bubbugawa, a sa leda a baki a murɗa murfi. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Buhuna su hau katako ko bulo, kada su taɓa ƙasa ko bango, saboda danshi da gara da ɓera. Kuma don Allah a bar zuba fiya-fiya a abinci. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu ita ma iskar guba take fitarwa, tana iya kashe mutum idan aka ajiye buhun a ɗakin da ake kwana.

Kayan miya da mai

Tumatir, tattasai da attarugu suna araha da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na lambu ya cika kasuwa, su yi tsada da damina. A sayi kwando, a wanke, a yanka tumatir biyu ko huɗu, a shanya kan tabarma ko raga a sama da ƙasa inda akuya da ƙura ba za su kai ba. Kauɗar da ta bushe sosai karyewa take yi, ba lanƙwasawa ba. A ɗura a robar da take rufuwa da kyau. Kuɓewa ma haka, a yanka a shanya tun tana araha da kaka.

Albasa, wadda Aliero ta yi suna da ita, tana faɗuwa wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada a ƙarshen shekara. Sai dai ajiyarta tana da asara, don tana ruɓewa tana kuma raguwa. A zaɓi mai busasshen wuya marar rauni, a baza ta wuri mai inuwa da iska, kada a bar ta a buhun leda, a riƙa tsince mai laushi kowane mako. Gidan da ba shi da wurin bazawa ya yanka ya shanya.

Manja ya fi sauƙi a watannin farko na shekara, lokacin kakar kwakwar manja a kudu. Jarka ɗaya da gida biyu suka raba ta fi sayen kwalba-kwalba. Haka sabulu, omo, sukari da magi: ƙullin naira ɗari-ɗari shi ne mafi tsadar hanyar saye. Amma akwai tarko. Abin da aka ga yana da yawa, hannu yakan saki wajen ɗiba. A zuba na mako a ƙaramin mazubi, a kulle sauran.

Wutar girki da ta lantarki

Wake da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri, ya rage itace ko gas sosai. A rufe tukunya. Da zarar ta tafasa a rage wuta, domin ruwan da yake tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka zuga masa. A haɗa komai, a yanka, a jajjaga, kafin a kunna. Murhun duwatsu uku a fili iska ce take kwashe yawancin zafinsa. A kewaye shi da laka a bar ƙofa ɗaya, za a ga bambanci a yawan itace. Gawayi da itace a saye su kafin ruwa ya sauka, don da damina ga tsada ga jiƙa.

Mai girki da gas ya duba nauyin tukunyar gas da aka buga a jikinta, ya tsaya a auna kafin ɗuri da bayansa. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo: in ya ga kumfa tana tashi, gas yana zuba, asara ce kuma haɗari ne.

Wanda yake da mita mai kati yana iya ganin abin da kowane kaya yake ci. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, idan yana ci awa 6 kullum, yunit 10.8 ne a wata. Ƙwan LED mai wat 9 da yake ba da haske kusan ɗaya bai kai yunit 2 ba. Gida mai ƙwai takwas ya ninka ya gani. Masu cin wuta na gaske su ne masu zafi: dutsen guga, hita da risho na lantarki, kowanne wat 1,000 ko fiye. A tara guga a yi sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda kuma ake kawo masa bil na ƙiyasi ya nemi mita a ofishin kamfanin Kaduna Electric, wanda shi ne yake raba wuta a Kebbi, don in ba mita duk tattalin da ya yi ba zai rage masa ko sisi ba.

Waya da banki

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, saboda haka data ta zama abin lissafi. Sayen ta kullum-kullum ya fi na wata tsada idan aka haɗa, amma na wata ma yana ƙarewa cikin kwana goma idan ba a gyara wayar ba. A WhatsApp a kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. A Facebook a hana bidiyo tashi da kansa. A hana manhajoji sabunta kansu da data. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka: *310# duba kuɗi, *323# duba data, *312# sayen data, *305# kuma don dakatar da tsare-tsaren da suke cire kuɗi ba ka sani ba, irin waƙar kira da saƙonnin wasa. Rancen kati a guje shi, don ana zaftare wani kaso tun kafin ya shigo.

A banki ƙananan caji ne suke taruwa. Tun 1 ga Maris, 2025, cire kuɗi a na'urar ATM ta wani banki aƙalla naira 100 ne kan kowace 20,000, a ta bankinka kuwa kyauta ne. Akwai harajin naira 50 kan turin da ya kai 10,000. Kowane amfani da lambar banki ta waya, wato USSD, naira 6.98 ne. Mai POS kuma da nasa. Wanda yake cire 5,000 sau goma a wata ya biya caji sau goma. A cire kuɗin cefane sau ɗaya a mako ko mako biyu, a kai shi ambulan ɗinsa.

Babur

Taya marar isasshiyar iska tana ƙara shan mai kuma tana saurin cinyewa, a duba ta kowane mako. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi. A wanke ko a canza. A ja sarƙa, a sa mata mai, a yi juyen baƙin mai kan lokaci, don kuɗin juye bai kai ko kusa da kuɗin buɗe inji ba. A sha mai a gidan mai, ba wurin 'yan bumburutu ba. A haɗa saƙo uku a fita ɗaya.

Rashin lafiya

Ciwo ɗaya yana iya cinye tanadin shekara, kuma a yankinmu na fadama da shinkafa zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba. Gidan sauro mai magani, idan kowa yana kwana ciki, ya fi sayen maganin feshi kowane mako araha. Da damina ana bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya kyauta, wata-wata; a tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, ba na ranar farko kaɗai ba. Kebbi na cikin jihohi biyu da aka fara ba da allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Disambar 2024, a tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a sayi magani. Yawan kuɗi yana tafiya ne a sayen magani kala uku a kemis kan zato, sannan a ƙare a asibiti bayan ciwon ya yi nisa. A kuma je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, a ji tsarin taimakekeniyar lafiya da ya dace da iyali.

Azumi, Sallah da biki

Waɗannan ba sa zuwa ba zato, an san watansu. Sukari, gero da man azumi a fara tara su tun Rajab. Yadin Sallah a saya a kai wa tela wata biyu kafin lokaci, kafin kuɗin ɗinki ya hau. Ragon layya, mai wurin ɗauri ya saye shi wata huɗu ko biyar kafin Sallah, amma da sharaɗin ya tanadi harawa, kowa da dusa tun da kaka, ya kuma yi masa allura da maganin tsutsa. Wanda zai riƙa sayen abincin rago a tsakiyar bazara da farashin ranar, ribar ta tafi, ga haɗarin ciwo da sata. Irin wannan gara ya shiga haɗakar sa ta mutum bakwai.

Kayan ɗakin 'ya mace a fara tara marasa lalacewa tun da sauran shekaru, tukwane da kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Anko kuwa, a ra'ayinmu, shi ne kashe kuɗin da ya fi kowane rashin dalili a gidaje da yawa: atamfa da ɗinki don wuni ɗaya, sau biyar ko shida a shekara. Uwargida ta zaɓi na 'yan'uwa na jini, sauran ta je da kayanta masu kyau da gudunmawarta a hannu. Gudunmawar ce take amfanar mai biki.

Inda kuɗin ajiya zai zauna

Kuɗin da yake cikin asusun da ke haɗe da wayarka bai ajiyu ba. A buɗe wani asusu daban, ba kati, ba manhaja a waya. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin Jaiz da TAJ. Hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, tana lamunce ajiyar kowane mutum har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki mai lasisi. A fara da tara abin da zai riƙe gida wata ɗaya, a hankali a kai uku. Wannan na larura ne, ciwo ko tsayawar aiki, ba na biki ba. Abin da ya haura haka kada ya daɗe a matsayin takarda, tunda hauhawar farashi tana cin darajarsa. A mai da shi hatsi, tunkiya, ko kayan sana'a. Wanda ajiyarsa ta kai nisabi ta shekara a hannunsa ya fitar da zakka, kashi 2.5 cikin 100.

Adashi yana da amfani domin yana tilasta zubi, amma a shige shi da ido buɗe. Mutum 10 ko 12 da aka san sana'arsu da gidajensu sun fi 30 da ba a sani ba. A rubuta sunaye, adadin zubi, ranar zubi da jerin kwasa, kowa ya riƙe kwafi. A amince tun farko kan abin da za a yi in wani ya kwasa ya daina zubi, ko ya rasu. Sabon shiga ya karɓi kwasar ƙarshe-ƙarshe. Kai kuma ka nemi kwasarka ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba, ta tafi kai tsaye kasuwar hatsi. Kada zubi ya wuce ƙarfinka, don wanda yake cin bashi ya yi zubi baya yake komawa. Masu karɓar ajiyar kullum a kasuwa sukan ɗauki zubin rana ɗaya a wata ladan aikinsu, kusan kashi 3 cikin 100 ke nan, kuma ba hukumar da za ta biya ka in mutumin ya ɓace.

Bashin mai shago a biya shi a rufe shafin kafin a fara kowane tanadi mai girma, domin mai karɓar bashi ba ya taya farashi kuma ba ya zuwa inda ya fi araha. Manhajojin ba da rance a waya kuwa ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, wasu har saƙon tozarci suke tura wa mutanen da ke cikin wayarka.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai ninka maka cikin wata ɗaya, ko ribarka tana ƙaruwa in ka kawo wasu, ka riƙe abinka. Haka MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, haka CBEX a 2025. Biyan da ake yi wa na farko daga zubin na baya ake yi, shi ya sa ganin maƙwabcinka ya karɓi riba sau biyu ba hujja ba ce. Kafin ka ba kowane kamfani kuɗinka da sunan zuba jari, ka duba ko sunansa yana cikin jerin masu rajista na SEC, hukumar da take kula da harkar zuba jari, in kuma ya ce shi banki ne, ka duba jerin masu lasisi na Babban Bankin Najeriya.